Tarwaɗa Ɗaya a Bunza

Rana ta yi ja a fadamar Bunza,
na sauke tukunyar turaren shinkafa,
hayaƙi a ido, ƙaiƙayi a wuya,
ladan yini na ƙulle a haɓar zane,
bai kai a ƙirga shi sau biyu ba, ba shi da yawa.

Na tsaya gun Jabbi a bakin gulbi.
Giwan ruwa na masu mota ne,
ni tarwaɗa ɗaya na nuna da baki,
ya yi mini gyara da ƙananan da ba a tayawa.

Tukunya ɗaya ce a gidanmu,
amma kowane ciki da irin tasa yunwa.

Ige, watan jiya na yaye ta.
Cikinta bai fi dunƙulen hannuna ba,
in na cika shi da farin koko
ta ƙoshi ƙoshin ƙarya,
gashi ya yi ja kamar gemun masara.
Malamar asibiti ta zagaya damtsenta da 'yar igiya mai launi,
ta dube ni, ban so wannan dubawa.
Tun ranar kununta da gyaɗa,
da garin ƙananan kifi, da ɗigon manja,
kaɗan-kaɗan, sau biyar kafin rana ta faɗi.
Maƙwabciya ta ce ƙwai na koya wa yaro sata,
na ce ban san malamin sata ba sai yunwa.

Kulu kuwa, sha huɗu,
zanen bara ya tsaya mata a ƙwauri.
Ta fara ganin wata, ba ta faɗa ba, na gane:
guga biyu a rijiya sai jiri,
tafin hannu fari fat,
tana tauna ɗanyar shinkafa a ɓoye.
Jikin da ke gini yana kuma biyan bashi,
ba a ce masa ya yi haƙuri da ragowa.
Zogale na tsinko mata a bayan ɗaki,
wake, lemon tsami a kai,
hanta ta ɗari biyu ranar kasuwa.

Sai Baba Nomau, mai haƙora uku.
An ce ran gayya malmala biyar yake tashi da ita,
yau loma biyu, ya ce alhamdu lillahi.
Ƙishi ya daina yi masa sallama,
sai na ajiye moɗa inda sandarsa take.
Tuwonsa ruwa-ruwa, kindirmo da hantsi,
na rage gishiri, ya yi mini fushi kwana uku,
ya ce miyar marasa lafiya nake dafawa.

Da dare na raba tarwaɗar a hasken waya.
Gefe mai laushi na Baba, na zare ƙaya,
tsakiya ta Kulu,
na murje wa Ige nata a romo.
Ni na ce na ci a murhu.
Wannan ƙarya ta girmi Kulu, ba ta tsufa,
uwata ma da ita take rufe rabawa.

Ina kallo ta wutsiyar ido:
Baba ya lallaɓa ya tura nasa gaban Ige.
Kulu ta gani, ta gutsuri rabin nata
ta binne a tuwon Baba kamar iri.
Ige ta damƙi abin da aka ba ta,
ta tako da ƙafafunta masu rawa,
ta cusa mini a baki, har da yatsu,
tana dariya, miya na zuba a haɓarta.
Na rasa tofarwa, na rasa haɗiyewa.

Kulu ta ce, Inna, ke fa,
wa ya taɓa zagaya naki damtsen da igiya?
Ban amsa ba. Kwaɗi na ta kuka a fadama.
Gobe akwai buhu uku na turarawa.